Mutumin da ke cikin riga: yadda wani mai zanen alluna a Tawa ya koyi zana jiki

## Kafin Oktoba 2022: daga wuya zuwa sama

Saurayin da wannan bayani ya shafa mai zanen alluna ne a garin Tawa na Nijar, yana da shekara 24 lokacin da abin ya faro. Fadarmu ɗaya, tare muke shan shayin dare. Da na ce zan rubuta labarin, sai ya ɗauko mini buhun takardunsa gaba ɗaya. Yana da wata ɗabi'a da ta rage mini wahala: duk takardar da ya zana sai ya sa kwanan wata a kusurwarta. Lissafin da ke ƙasa duka daga buhun nan ya fito. Sunansa kuwa ya ce in bar masa kayansa.

Lakwal ya tsaya a ajin ƙarshe na kwaleji. Yana karanta Faransanci daidai gwargwado, Ingilishinsa kuwa bai wuce abin da ke jikin kwalin salula ba. Shekara huɗu ya yi a hannun wani mai fenti yana koyon rubutun allon shago, lambar mota, kaza da kifi na masu gidan abinci, kwalbar lemo mai raɓa, da kawunan nan da ake jerawa a ƙofar masu aski. A kan kawunan ya yi suna. Daga wuya zuwa sama ba ka da abin cewa. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa dabara yake yi: ya zuba wa mutum babbar riga, ya tura hannu ɗaya aljihu, ya ɓoye ɗayan a baya, ƙafafu kuma sunan shago ya rufe su. Ba mai shagon da ya taɓa kawo ƙara, shi ma bai ɗauki abin rashi ba.

Ba wai garin baƙon zane ba ne. A nan marigayi Moustapha Alassane, wanda ya yi fice da majigin zane tun shekarun 1960, ya zauna shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Amma saurayin namu labarinsa kawai ya ji. Bai taɓa zama ajin da ake tsai da mutum a tsakiya ana zana shi ba, kuma ko da irin ajin na kusa, ba kowane gida zai bar ɗansa ya shiga ba.

## Oktoba 2022: tara cikin goma sha biyu

Wata ƙungiya mai aikin farfaɗo da ƙasa ta ba shi kwangilar hotuna 12 na ɗan littafin da za a raba wa manoma. Littafin a kan tassa ne da rabin-wata, ramukan tare ruwa da aka san ƙasar Adar da su, musamman wajen Illela da Badagishiri. Kusan kowane hoto mutum ne cikin aiki: mai sara da diga, mai duƙe yana zuba taki a rami, mace ɗauke da kwandon duwatsu, yaro riƙe da igiyar awo. Manomi ba ya haƙa da babbar riga, ba ya kuma sara da hannu a aljihu.

Ya kai aiki bayan kwana 18. Aka karɓi uku, duk na kayan aiki ne da shimfiɗar gona, aka maido tara. Wanda ya duba bai san zane ba, amma ya san haƙa. Ya nuna mai digar ya ce wannan in ya sara ƙafarsa zai sara. Mai duƙen kuma ya ce kamar an karya kara an jingine. Na ga hotunan da idona. Hannuwa gajeru ne, ba su ko kai cinya ba. Baya miƙe yake sambal kamar taɓarya, ko da mutum ya duƙa. Ƙafafu biyu na jere wuri guda, ba a san wadda ke ɗauke da nauyi ba. Ƙungiyar ta biya kuɗin ukun, ta cike sauran gurabun da hoton kyamara, ta ce in an tashi sake buga littafin za a neme shi.

Daren ranar bai sha shayi ba. Tambaya ɗaya ya yi mana: wane littafi ake koyon jiki da shi? Ba wanda ya sani a cikinmu.

## Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023: malamai cikin salula

Da abin da ke hannu ya fara. Yana sayen data ta dare domin ta fi araha, ya shiga YouTube da TikTok ya sauke bidiyon koyon zane. Zuwa ƙarshen Janairu ya tara 74 a katin salularsa. Mafi yawansu da Ingilishi suke, saboda haka hannun malamin yake kallo, bakin kuwa yana ta yi shi kaɗai. Ga shi malaman ba su haɗa hanya ba. Wani da da'ira yake farawa, wani da akwati, wani da dogon layi guda mai lanƙwasa, wani da ƴan sanduna. Kowane dare sabon malami, kowace safiya sabuwar hanya. Gajerun bidiyon kuma an gaggauta su, aikin awa biyu ya ƙare cikin daƙiƙa 40, ba ka ganin inda mai zanen ya kuskure ya gyara.

Takardun wata ukun nan 41 ne kacal. Kusan duka kwafin hoton ƙarshe ne na bidiyon da ya kalla, kuma sun yi kyau. Amma akwai huɗu da ya gwada mai diga da ka, salula a kashe. Mai digar yana nan yadda aka maido shi.

## Fabrairu zuwa Afrilu 2023: littafin likita

Wani abokinsa da ke karatun kiwon lafiya ya ara masa ƙaton littafin ƙirar jiki na Faransanci. Nan ya duƙufa kamar mai shirin jarrabawa. Ya haddace cewa baligi na da ƙashi 206, haƙarƙari 12 a kowane ɓari, ƙashi 27 a hannu daga wuyan hannu zuwa yatsu, 26 a ƙafa. Ya san gaɓoɓin ƙashin baya: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a tsatso. Har sunayen Latin ya riƙa karanto mana a fada, muna ce masa likita. Ya zana ƙwarangwal sau tara, tsokoki kuwa ba adadi. Takardu 63.

Da ya koma kan mutanensa sai suka fito kamar ragon layya da aka feɗe aka rataye. Kowace tsoka ya zagaye ta da layi mai ƙarfi ɗaya, ta mai aiki da ta mai hutawa duk sun kumbura. Tsayuwar kuwa ba ta sake ba. Da na buɗe littafin na ga dalili: mutumin ciki a tsaye yake ƙyam, tafin hannu na kallon gaba, daga shafin farko har na ƙarshe, sai dai a juya shi gaba ko baya ko gefe. Rabin littafin ma maganar hanta ce da huhu da hanji. Ba shafi ɗaya da aka nuna yadda ƙirji ke kasancewa in mutum ya duƙa ya murɗa.

## Mayu 2023: fotokofi, da abin da ya biyo baya

A wani zauren WhatsApp na masu fenti aka turo tsofaffin littattafan zane guda biyu na Amurka: na George Bridgman na 1920, da na Andrew Loomis na 1943. Na Bridgman ya kasa cin moriyarsa, layukan sun cakuɗe a fuskar salula, bai san ina ƙashi ya ƙare ina tsoka ta fara ba. Na Loomis ya kai aka buga masa, shafi wajen 200 a kan dala 5 kowanne, jikka 5 ke nan.

A nan ya fara jin maganar auna jiki da kai. Tsawon kai daga tsakar ka zuwa haɓa shi ne mudun, da shi ake auna sauran. Tsakiyar tsawon mutum ba a cibiya take ba, tana ƙasa, daidai ƙashin mara. Gwiwar hannu na sauka kusa da cibiya, wuyan hannu daidai inda ƙafafu suka rabu, yatsu su kai tsakiyar cinya. Cikin sati biyu gajerun hannuwan nan suka warke. Sai wata cuta ta shigo. Littafin don masu zanen talla aka rubuta shi, kuma mutumin da ya fi yabawa mai kai takwas ne. Manoman Adar suka koma zaƙwal-zaƙwal, ƙananan kawuna, dogayen ƙwauri, kamar masu tallan kwat. Da muka yi masa dariya sai ya ari awon tela ya auna maza 15 na fada da maƙwabta. Ba ko ɗaya da ya kai takwas, yawanci tsakanin bakwai ne da bakwai da rabi.

Ana cikin haka ƙanwarsa na shara ta ci karo da takardun. Littafin cike yake da mata ba sutura. Kafin magariba suna hannun mahaifinsu, ɗan kasuwa wanda dama bai taɓa son zanen mutane ba.

"Wanga shi ne karatun da kake kwana kana yi?"

"Baba, littafin koyon aiki ne."

"Aikin mi? Gidana ba a aje tsiraici."

Maganar ta kai gaban limamin unguwa. Malam ya saurari kowa, ya ce a littattafan Malikiyya abin da aka hana kai tsaye shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa, zane a shimfiɗe kan takarda hukuncinsa ya fi sauƙi, ko da yake akwai malaman da suka tsananta a kansa. Al'aura kuwa ya ce ba ta da gardama. Aka tsaya a kan haka: shafukan da ke da tsiraici a cire a ƙone, sauran su zauna a shago, kuma ba zane a cikin gida. Buhun ba shi da takarda ko ɗaya daga 19 ga Mayu zuwa 14 ga Yuni.

## Yuni 2023: gwajin minti ɗaya a Yamai

Sayen fenti ya kai shi Yamai, tafiyar sama da kilomita 500 ta Konni da Dogondutsi da Dosso. Ya ratsa gidan tarihi na Boubou Hama inda masu sana'ar hannu ke zama, yana tambayar wanda ya san zanen mutum. Aka yi masa kwatancen wani dattijo da ya yi shekaru yana zana hotunan littattafan lakwal, yanzu ya huta. Mushe kowa ke ce masa, kamar yadda ake ce wa malamin lakwal.

Ya kai masa buhun takardu. Dattijon ko kwance bakin bai yi ba. Ya miƙa masa bik da bayan wata tsohuwar takarda, ya nuna mai shayin da ke tsaye a tsallaken hanya, ya ce minti ɗaya. Minti ya ƙare saurayin yana kan kunne. Mushe ya ce ya sake, amma ba kai. A karo na uku ya samu ya kai ƙafa.

Sai dattijon ya sa bik a ɗan ramin da ke gindin maƙogwaro, ya ja layi sak zuwa ƙasa. A jikin mai shayin, wanda ya saki nauyinsa a ƙafar dama, layin a kan ƙafar dama zai sauka. A zanen kuwa ya sauka a fili, waje da ƙafafun duka biyu.

"Ɗana, mutuminka faɗuwa zai yi. Kai kana ta lissafin tsoka, shi ko tsayuwa bai samu ba."

Ya nuna masa cewa abubuwa uku ne masu tauri a gangar jiki: ƙoƙon kai, kwandon ƙirji, da ƙwaryar ƙugu. Su ba sa lanƙwasa. Abin da ke lanƙwasa da murɗawa shi ne wuya da tsatso da ke tsakaninsu. In mutum ya tsaya a ƙafa ɗaya, ƙugun wannan ɓarin na ɗagawa, kafaɗar ɓarin kuma ta sauka. Da saurayin ya ba shi labarin awon tela, dattijon ya yi dariya ya ce wani likitan Faransa, Paul Richer, ya riga shi tun 1890, shi ma bakwai da rabi ya ba mutum na yau da kullum.

Abin da ya rubuta masa a bayan rasit ɗin fenti bai cika layi shida ba. Ya ce ya goge bidiyon. Daga Loomis ya riƙe shafukan da aka gina mutum da sanduna da ƴan dunƙule kawai, sauran ya ɗaure. Kullum ya zana mutum 20 masu rai, kowanne kada ya wuce minti biyu, da bik, don kada hannu ya saba da gogewa. Ya sami madubi. Sa'annan ya nemi littafi ɗaya na gaɓoɓi da Faransanci, ya ambaci Morpho na Michel Lauricella da ya fito a 2014, ƙarami ne, zane ya fi rubutu yawa a ciki.

"Amma kada ka buɗe shi sai ido ya ga abin da ya gagare shi. Mushe ba ya amsa tambayar da ba a yi ba."

## Agusta zuwa Oktoba 2023: kasuwa da gona

Bidiyon bai goge ba, ya faɗa mini da bakinsa. Abin da ya raba shi da su daban ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, cajin salula ya zama abin lissafi, ba na kwana kallo ba. Takarda kuwa ya koma kan buhun siminti, yana yankawa yana gogewa da tsumma. Littafin Morpho kuwa ya aika wa wansa da ke Abijan ya nemo masa, ya iso a Oktoba cikin jakar wani ɗan unguwa da ya dawo gida. Shi ma a akwatin shago yake kwana.

Ranar Lahadi yana zama a rumfar wani abokin babansa a kasuwa, sauran ranaku a bakin tasha ko ƙofar shago. Wata ukun nan sun bar takardu 190, kowace da mutum wajen shida. Na farkon ba su da kyan gani, tsutsotsi ne kawai. Wajen tsakiyar Satumba layin maƙogwaro ya fara sauka inda ya kamata, kuma za ka iya bambanta mai jira da mai tafiya ko ba fuska.

Kasuwa na da nata cikas. Wani dillalin awaki ya lura ana kallonsa ana rubutu, ya taso ya fizge takardar ya yaga, yana tambayar wa ya aiko. Daga ranar ya koma zana mutane ta baya kuma daga nesa. Cikas na biyu ya fi girma: riga. Mutanenmu a lulluɓe suke, babbar riga da rawani da hijabi, abin da kake gani tsayuwa ce kawai. Ƴan dako da masu buga bulo sun ɗan taimaka, haka ma ƴan uwansa a gona lokacin noma. Duk da haka, a ƙarshen Oktoba duk hannun da ya ɗaga sama a zanensa kamar an manna shi da danƙo yake, sangalin hannu kuma gwangwani ne ba juyi.

## Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: wajen ƴan kokawa

Da kaka ta yi, ganga ta fara tashi. A Tawa aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma har yau ba unguwar da za ka rasa samari na motsa jiki da la'asar. Wani a fada ne ya ce masa, cikin wasa, ga mutane can ba riga kana ta wahala. Ga jiki a fili, ba tsiraici, ba abin da liman ko uba zai ce.

Shiga bai zo da sauƙi ba. Ya kai goro wa wani tsohon ɗan kokawa da ke horar da samari a wani fili bayan gari. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka zana mini yaro ka kai ma wa?"

Wanda ya san kokawa ya san tambayar ba wasa ba ce. Mutanen da ke shiga fili da layu da guraye da kambu ba za su so surarsu ta kwana a hannun baƙo ba. Sai da aka yi zuwa uku kafin a daidaita: ba fuska, ba suna, ba zana laya, kowace takarda tsohon zai gani kafin a tashi, kuma in gasa ta matso ya ɗauke ƙafa. Ya riƙa zuwa sau uku a sati, minti 40 kafin magariba, har sati 14.

Abin farko da ya gani ya ba shi mamaki: tsayuwar ɗan kokawa kafin kamu ita ce tsayuwar mai haƙa. Gwiwa a karye, ɗuwawu baya, duƙawar daga ƙugu take tasowa, ƙashin baya ya yi baka har kana ƙirga ƙullutunsa. Kuma kallon-kallon nan da suke yi, kowa na jiran kowa, yana ba mai zane lokacin da kasuwa ba ta bayarwa.

Maganar hannun danƙo a sati na biyu ta warware. Yana bayan wani yaro da ya miƙa hannu zai cafko wuya, sai ya ga allon kafaɗa ya zame ya juya a kan haƙarƙari, ƙashin da ke gindin wuya ta gaba shi ma ya ɗaga. Ashe kafaɗa ba a kafe take ba, tafiya take yi tare da hannu. Daren nan ya buɗe littafin a shago da tocila, shafukan kafaɗa kawai, ya sake zanen sau uku. Da safe ya tuɓe riga gaban madubi ya ɗaga nasa hannun yana lalube. Wannan ya zama tsarinsa: gaɓa ɗaya a sati, fili da la'asar, littafi da dare, madubi da safe. Kafaɗa ta ci sati uku, gwiwa ɗaya, ƙafa biyu. Sangalin hannu ya gane shi ranar da ya riƙe gwiwar hannunsa ya juya tafi ƙasa, ya ji ƙashi ɗaya ya tsaya daga gwiwa zuwa ɓarin ƙaramin yatsa, ɗayan ya hau kansa ya gitta. A nan haddar littafin likita ta yi rana, domin sunayen da ke gefen zanen ba baƙinsa ba ne.

Ya kuma ga cewa tsokar da ke aiki kaɗai ke tashi. Ƙafar da ke turi sha-raɓarta ta ɗaure, agara ta miƙe kamar tsirkiya, ɗaya ƙafar kuwa sumul. Ragon layya ya fara mai da fatarsa.

Akwai abin da ba littafin da ya faɗa masa. Duk littattafan nan farar takarda ce da farar fata, inuwa ake zubawa jiki ya fito. Baƙar fata mai gumi a ranar la'asar kuwa da haske take nuna ƙirarta, ɗan sheƙi a kan kafaɗa, a gadon baya, a ƙoƙon gwiwa. Takardar siminti dama ruwan ƙasa ce, sai ya ɗauki gawayi don duhu, allin lakwal don sheƙi. Zanen Janairu su ne mafi kyau a buhun, a ganina, kuma kuɗin kayansu bai kai na kofin shayi ba.

Tsohon da ya fara da zargi ya koma mai gyara. Yana duba takarda ya ce, "Wanga riƙon ba ya kada kowa, gwiwar hannun ta yi nisa da jiki." Bai taɓa riƙe fensir ba, amma bai taɓa kuskuren inda nauyi yake ba.

Mata da yara ta wata hanya ya bi. Gwaggonsa ta yarda ya zauna a tsakar gidanta lokacin daka, kowa da suturarsa. Ya koyi fara zana jikin da layi mara ƙarfi, sa'annan ya ɗaura masa zane, domin ninkin tufa daga kafaɗa da ƙugu da gwiwa yake zubowa. Yaransa na da manya ne da aka rage wa tsawo. Sai da ya auna jikan gwaggon mai shekara ɗaya ya ga kai wajen huɗu ne kawai.

## Afrilu zuwa Mayu 2024: sake kai aiki

Da aka tashi sake buga littafin an neme shi. Ya sake zana taran nan cikin kwana shida. Mutumin da ya duba na farko shi ya sake dubawa. Ya karɓi bakwai nan take. Biyu ya maido, duka saboda yatsu: yaro mai igiya yatsunsa kamar nonon ayaba, mace mai kwando kuma babban yatsanta ya fito ta inda ba ya fitowa. Na yaron ya gyara cikin sati. Na macen ya gwada sau biyar, daga ƙarshe ya tura hannun bayan kwando, tsohuwar dabara. Aka karɓa.

Littafin ya kai wa babansa a rumfa. Tsohon ya daɗe a kan mai digar, ya ce, "Wanga kam haƙa yake yi." Dokar hana zane a gida dai tana nan.

## Abin da na fahimta

A ganina ba ɗaya daga cikin kayan nan da yake mugu. Bidiyo, littafin likita, Loomis, kowanne na amsa wata tambaya ce, sai dai ba tasa ba a lokacin. Wata takwas ya yi yana sayen magani bai san ciwon ba. Ciwon kuwa tsayuwa ce da nauyi, kuma minti uku suka ishi wanda ya tsaya a kansa yana kallon hannunsa ya gano. Ba bidiyon da zai yi wannan, domin bidiyo ba ya ganin takardarka. Da tafiyar Yamai ta zo a Nuwamba 2022, da kuɗin data da jikka 5 da rigimar gida duk ba su taso ba.

Jerin ma ya yi tasiri. Tsayuwa ta fara, awo ya biyo, ƙashi ya zo, tsoka a ƙarshe. Shi daga ƙarshen ya faro. Ƙaramin littafin ya yi aiki ne don da harshen da yake ji aka rubuta shi, kuma don ya iso bayan mutum sama da 1,000 sun ratsa ta bik ɗinsa. Da ya zo a farko, ina zaton kwafe shi zai yi daga bango zuwa bango, kamar yadda ya yi wa na likita.

Ban ce komai dabara ba ne. Rabuwa da salula ɗaukewar wuta ce ta yi masa. Shawarar bik ta saki hannunsa, amma ta bar shi da gaggawa, har yanzu ƙarasa zane a natse na yi masa wuya. Filin kokawa kuma samari ƙarfafa kaɗai yake bayarwa. Tsoho mai saɓar fata, mai teɓa, mace, duk yana zana su da rabin sani, ana ganin haka in an jera su kusa da ƴan kokawarsa.

Yatsu ne suka rage. Yanzu kowace safiya kafin ya buɗe gwangwanin fenti sai ya zana hannunsa na hagu. Takardar ƙarshe a buhun ta 2 ga Yuni 2024 ce: hannu riƙe da kofin shayi, sau shida, kuma a huɗu daga ciki babban yatsan ya yi tsawo.